Sunan Kifin

A 'Yan Kura, bayan layin masu tattasai,
Baba Ilu na da tebur da sikeli da adda,
da wata firiza mai tari in janareta ya gaji.
Ni ke ɗauko masa kwali tun duku-duku,
kifin teku, sandararre kamar icen girki,
ido fari fat, bai san ya iso Kano ba.

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi a Jidda,
a jirgin wani Balarabe, Abu Hamdan,
jirgin haya, na masu kuɗin da ke son su ce
"ni na kama."
Su biya, su hau da kular abinci da maganin jiri,
shi ya ɗaura fatsa, ya soka ɗan kifi,
ya miƙa musu sanda
kamar mai miƙa wa yaro alƙalami.

Ya ce akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwan,
masu rai, masu rassa, ja da ruwan ɗorawa,
murjani tun bai san wuyan kowa ba.
A bakinsu manyan ke kiwo.
Akwai wani dogo siriri mai haƙoran zarto,
shi datse zare yake, kamar tela cikin fushi.
Sai ɗayan, mai ƙirjin ɗan maraƙi,
wanda in ya ja sai ka ji a ƙugu,
ka ji a dasashi,
ka ambaci mahaifiyarka ba ka sani ba.

Na ce, "Me sunansa, Baba?"
Ya ce, "Tuna."
Na ce, "In tuna me?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Sunansa ke nan, yaro.
Ni ma ranar da na fara ji
na zaci umarni ake ba ni."

A tafinsa na dama akwai wani layi
da ba a haife shi da shi ba.
Zare ne ya ci wurin,
ranar da wani attajiri ya saki sanda
ya kama bakin jirgi yana amai.
Baba ya riƙe, daga azahar har la'asar sakaliya,
jini na bin gwiwar hannu yana ɗiga a katako.
Da aka hau da kifin sai aka kira mai hoto.
Attajirin ya wanke baki, ya gyara hirami,
ya dafa kan kifin kamar ɗansa.
In ka duba can gefen hoton
akwai rabin kafaɗa baƙa.
Ita ce Baba.

Bai iya ruwa ba. Har yau bai iya ba.
Ya ce teku ba ta taɓa tambayarsa takarda ba,
'yan sandan bakin tasha ne suka tambaya.
Haka ya sauko Kano da silifa da riga ɗaya,
da fatsa guda ɗinke a bakin wando.
Tana nan rataye jikin ƙusa,
ita ke riƙe da takardun bashi.

Jiya aka ɗauke wuta tun hantsi,
mai ya ƙare, mai sayarwa ya ce sai gobe.
Ƙanƙara ta saki jiki,
ruwa ya biyo ƙasan tebur yana neman kwata.
Mata suka tattare zane, suka toshe hanci.
Hajiya Ladidi mai abinci ta ce a rage ɗari biyar,
ya rage, bai ko ɗago ba.

Da ta wuce na ga ya sunkuya,
ya dangwala yatsa a ruwan da ke gudu,
ya kai baki, ya yi shiru.
Daga nan zuwa teku kwana biyu ne a tirela,
in hanya ta yi kyau.
Ya ce, "Da sauran gishirinsa."

Ya goge yatsan a riga.
Ya ce in miƙo tsintsiya.